Ƙafa Biyu na Goɗiya

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma na iya ƙirga. Jikata ce ke riƙe da alƙalami yau, ɗiyar ɗiyata, ita ma yanzu uwar 'ya'ya ce. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, in na yi kuka ta jira ni, kada ta ba ni haƙuri. Haƙuri na yi shi shekaru da yawa, yanzu kukan nake so.

Garinmu na da a bakin Kuwara yake, cikin ƙasar Ngaski. Yau in mutum ya bi ta wurin a jirgi ko kan giginya ba zai gani ba. Maigidana albasa yake nomawa a fadama. Yana da amini, masunci, mutumin wani gungu da ke tsakiyar kogi, tun suna samari suke tare. Shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki albasa ta yi kuɗi, kifi ma ya yi, sai suka haɗa abin hannunsu suka sayi goɗiya, ja mai farin goshi. Ba don ado ba. Maigida zai riƙa hawa zuwa kasuwanni, in ta haihu a sayar da ɗan a raba.

A gaban limamin garinmu suka ƙulla magana. Goɗiya ƙafa huɗu gare ta, biyu na maigida, biyu na amininsa. Gungu ba wurin doki ba ne, don haka a gidanmu aka kafa turke. Duk abin da ta ci, rabi ne a kan kowa. Kuma ba a sayar da ita sai masu ita duka biyu sun ɗora hannu a gezarta a gaban mai saye. Liman ya yi addu'a aka shafa.

Lissafin ni aka ba. Maigida ya ce kansa ba ya riƙe ƙirga, nawa kuwa ko ƙwayar gero ba ya yarwa. Sai na samu ɗan gora na rataye a bakin ɗakina. In na auna mata mudun dawa in jefa ƙwallon tsamiya guda. In kuɗi ne ya fita, na kanwa, ko na mai gyaran kofato, ko na mai magani in ƙuda ya cije ta, sai in jefa wuri guda a kan kowane sule, cikin tsofaffin wurin da kakata ta bar mini, waɗanda ba sa sayen komai. Ciyawa ba ta shiga gora, don a lokacin burugu ne cike da fadama, wannan doguwar ciyawar ruwa mai zaƙi, kowa ya yanka.

Ranar kasuwa aminin maigida zai ɗaure jirginsa ya shigo da sallama, da ɗaurin busasshen kifi a kafaɗa.

"Ma'aji, an tashi lafiya? Yau nawa za a yi mini fashi?"

In shimfiɗa faifai in zazzage gora, mu ware tsamiya gefe, wuri gefe, mu raba biyu.

"Ni fa ban gane ba," in ji shi kullum. "Ƙafafun baya ne nawa. Baki na wajen mijinki. Don mi zan biya abin da baki ya ci?"

"To Malam, kashin ma naka ne. Ga kwando can, a kwashe a kai gungu. Harbin da ta yi mini shekaranjiya ma ƙafarka ce, a biya ni diyya."

Maigida yana gefe yana dariya. Amininsa ya ce, "Bari dai ta haihu ku ga ta wajen wa ɗan zai fito."

Ya biya rabinsa, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da kifi, in mayar da tsamiya cikin ƙwarya, gora ya koma wofi. Ba mu taɓa kwana da ƙwallo guda na gardama ba. In kasuwa ta wuce bai zo ba, nakan aika masu jirgi su ce masa gora ya cika, washegari sai ga shi yana mita. Goɗiya ta haihu sau ɗaya a waɗannan shekaru, aka sayar da ɗan, da rabonmu muka yi wa ɗiyata kayan ɗaki. Ita kaɗai Allah Ya bar mana, kuma ita ce ta fari. Wani mai fataucin kifi ya aure ta ya kai ta Yelwa.

Daga nan aka fara zancen dam. Mutanen gwamnati suka zo suna ƙirga ɗakuna da rumbuna, suna shafa fenti a bango. Aka ce za a tare Kuwara a Kainji, ruwa zai hau har ya rufe masallaci. Tsofaffi suka ce ba a taɓa yi ba. Aka gina mana gidajen siminti a kan tudu, iri ɗaya, har mutum ya shiga gidan maƙwabci yana zaton nasa ne. Ɗaki an biya da ɗaki, rumbu da rumbu. Fadama ba a biya ta da fadama ba.

Ranar da aminin maigida ya zo mana na ƙarshe ana ta ɗaure kaya. Na ɗauko gora, ya ɗaga hannu.

"Bar shi, Ma'aji, yau ba ranar ƙirga ba ce. Mu ma an ce gobe za a kwashe mu, wai ƙetare. Ki ci gaba da jefawa. In mun zauna zan zo da kaina."

Ya shafa goshin goɗiya ya fita. Ban sake ganinsa ba.

A sabon gari goɗiya ta zama wata dabba daban. Ba ita ta canza ba, ƙasar ce. Burugu ya nutse. Tudun tsakuwa ne, ciyawarsa gajera, da kaka ta wuce sai ƙura da ƙaya. Harawar wake da ta gyaɗa, wadda a da maƙwabci zai ce zo ka kwasa, ta zama abin saye. Wuri ya fara yawa a gora har ya kusa kamo tsamiya. Maigida ya gwada albasa a bakin sabon ruwan, ruwan ya hau lokacin da bai zata ba ya cinye, ya janye lokacin da bai zata ba ta bushe. Kogin da ya sani yana da lokutansa. Wannan bai san shi ba. Damina ta biyu ya kwanta da ciwon ƙirji. Ana gobe zai rasu, da hantsi, ya ce in matso.

"Ƙafa biyu ba namu ba ne," ya ce. "Kada ki bar gora ya yi ƙarya."

Na ce to. Wannan to ɗin ita ta ɗaure ni a turke ɗaya da goɗiya.

Da na fita takaba surukina, mijin ɗiyata, ya zo daga Yelwa. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce, "Inna, ta ce in taho da ke. Ɗaki akwai. Turke ne babu, gidan haya ne, a tsakiyar gari."

Na tafi wurin liman na ce a sayar, a ajiye wa mai rabi rabinsa. Liman ya ce shi ya shaida maganar da bakinsa, hannu biyu aka ce. In mutumin ya rasu, magadansa su zo. In yana raye, shi ya zo. Ba a sayar da kayan mai rai a bayan idonsa. Ya ce in aika.

Na aika. Duk mai jirgin da zai ƙetara sai in tare shi a bakin ruwa in kwatanta masa mutumin da gungunsu na da, in ce, in ka same su ka ce matar amininsa ta ce gora ya cika. Abin da na saba faɗa ke nan, ban san wata magana ba. An daɗe kafin a gano inda suke, don mutanen gungun an raba su, wasu ƙetare, wasu can wajen Shanga. Daga baya wani ya dawo ya ce ya samu gidan, ya ga yayan matar gidan, ya ce masa mai gidan ya yi tafiya, ya bi kifi arewa. Na yi murna, ashe yana raye. Liman ya ce, kin ji ko, sai a jira. Bayan wata shida na sake aikawa, aka ce bai dawo ba. Na sake, aka ce ya zo ya koma.

Na roƙi ƙanin maigida ya riƙe ta. Ya ce, "Yaya, na yafe gadona a cikinta duniya da lahira, amma bakin da ke gidana ya ishe ni." Ban ga laifinsa ba. A garin nan a shekarun nan ba wanda ke neman ƙarin baki.

To haka na zauna. Da asuba in ɗauki lauje in tafi neman ciyawa, wani lokaci har sai garin ya ɓace mini a baya. In dawo in yi dakau a gidajen mutane don a bar mini dusa. In soya ƙosai da la'asar. Sau biyu nake kai ta ruwa, in hura mata hayaƙi saboda ƙuda. Ba mai hawanta, ni mace ce, sirdin maigida yana rataye har gara ta ci shi. Kuɗin kai ta wurin ingarma ban da su, don haka ba ta sake haihuwa ba. Ci kawai take yi tana tsufa. In na auna mudu, nata ne farko, abin da ya rage nawa. Akwai ranar da na tsaya ina kallon bakinta tana tauna dawa, ni kuma ban sa komai a cikina ba tun jiya, na ji na tsane ta har na ɗaga muciya. Ta juyo ta sa hancinta a kafaɗata yadda take yi wa maigida. Na yar da muciyar na zauna a cikin kashinta na yi ta kuka. Da na gama na tashi na jefa ƙwallon ranar.

Gora ya cika na samo wani. Wurin kakata ya ƙare na koma tsakuwa fara. Da aka canza kuɗi aka daina sule, sai da na je wurin mai shago ya bayyana mini sau uku, don kada tsakuwata ta zalunci mutumin da ba ya nan.

Ɗiyata kuwa tana can. Ta haifi wannan da ke rubutu, bayan ta sai ciki biyu suka zube, jikinta bai ƙara komawa daidai ba. In na samu mai ba goɗiya ruwa na yini guda, in shiga mota da safe in dawo kafin magariba. Ta ce, "Inna, ki kwana mana." In ce dabba na jira. Ta ce, "Inna, dabba ta fi ni ke nan?" Tana dariya take faɗa. Ni kuma in kau da kai in ce wa 'yar jaririyar, ji uwarki da shirme.

'Yar fari ce. A wajenmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. Tun tana goye kakarta ce ke yi mata wasa, ni sai in ba ta nono in kalli bango. To yaya zan tsaya a gaban liman da dattawa in ce zan saki amanar mamaci don ina marmarin ɗiyar fari? Da bakin wa? Ko a raina sai na sunkuyar da kai nake faɗa.

Shekara ta biyar da tashinmu, bayan girbi, surukina ya zo da kansa ba aike ba. Bai zauna a tabarma ba.

"Inna, ƙafafunta sun kumbura. An kai ta asibiti an dawo da ita. Ba ta cin abinci sai ta ce kunun Inna take so."

Ranar na sayar da tasar ƙarshe cikin kayan aurena. Na ba wata Bafulatana da ke kawo mana nono rabin kuɗin ta kula da goɗiya kwana uku. Na ɗaure gora huɗu a zane na shiga jirgi mai inji. Na ce ko arewan ce zan bi aminin maigida har in same shi. Wannan ne karo na farko da na hau ruwan. Ba shi da gaɓa, igiyarsa kamar ta ɗaga jirgin ta kifar. Wani a jirgin ya nuna wani wuri ya ce nan ne garinku. Ruwa ne kawai.

Na kwana a hanya, washegari da rana tsaka na isa ƙauyen da aka kwatanta mini. Gidajen irin namu ne sak. Aka nuna mini gidan. Na yi sallama na tarar da matar aminin maigida a gindin banda tana juya kifi a hayaƙi. Sau uku kawai na taɓa ganinta a da, doguwa ce mai jiki. Wannan kuwa ƙashi ne da zane. Ta dube ni, ta dubi ƙunshin da ke kaina, gorunan suna ƙara da motsina. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Kin zo," ta ce. "Wallahi Yaya ba ni da kuɗin. Ko ni za a sayar ba zan kai ba."

"Ina mai gidan?"

Sai ta fashe da kuka. Na sauke kaya na zauna kusa da ita. A hankali maganar ta fito. Tun watannin farko bayan tashi ya rasu. Ya shiga sabon ruwan da ƙaramin jirginsa na kogi, iska ta taso, sai bayan kwana biyu aka same shi. Kafin maigidana ma ya rasu. Ta san da zancen gora, yakan ba ta labari yana dariya. Tana cikin takaba ba ta da ko na gishiri, ta ce bari ta ɗan samu abin hannu kafin ta aiko. Sai ga saƙona na farko, gora ya cika. Yayanta ya ce a ce ya yi tafiya, a samu lokaci. Kowane saƙo ya zo sai ta lissafa a ranta abin da doki ke ci a wata shida, ta ga ya fi na baya nisa.

"Kullum in na auna hatsi sai in tuna kina can kina jefa mini tsamiya," ta ce. "Shekara biyar ban yi barci mai daɗi ba."

"Ni hannunki nake nema," na ce. "Hannu kawai. Ki ɗora a geza."

"To don mi ba ki ce haka ba?"

Har yau ina yi wa kaina wannan tambayar. Kalma ɗaya ce, da na ce wa mai jirgi a zo a sayar, da na ce na yafe. Ban taɓa tunanin wani na jin tsoron gorana ba. Ni a wurina gaskiya ce nake tarawa.

Na kwance zanen na zare murfin gorunan na juye su cikin wutar bandar, ɗaya bayan ɗaya. Tsamiya ta riƙa fashewa, wuri ya yi baƙi. Ta kama hannuna tana cewa Yaya bari, Yaya a ƙirga ko rabi ne. Na ce maigida cewa ya yi kada gora ya yi ƙarya, bai yi ba, bai ce sai an biya ba. A wurin ne na fara jin haka. Duk shekarun nan maganar tana kunnena ban ji ta haka ba.

Ita da yayanta suka biyo ni. Yayan bai iya haɗa ido da ni ba har muka sauka. Liman ya yi salati da ya ji, ya yi wa mamacin addu'ar da ta makara shekara biyar. Sai da muka jira ranar kasuwa kafin a samu mai saye, kwana huɗu, ina jin kowanne a ƙirjina. Dillali ya buɗe bakin goɗiya ya duba haƙora ya yi tsaki.

"Hajiya, wannan ai kakar dawaki ce. Sadaka za ki ba ni ko ciniki?"

Ban yi gardama ba. Na ɗora hannuna a gezarta, matar ta ɗora nata kusa da nawa, hannuwan duka biyu sun faffashe. Abin da aka biya bai kai cin shekara guda ba. Muka raba biyu daidai. Da aka ja ta ta waiwayo sau ɗaya, ban bi ta da ido ba. Na tuge turken na ba maƙwabciya ta yi itace.

Na isa Yelwa da ƙunshi ɗaya. Ɗiyata tana kwance a kan tabarma, fuskarta ta kumbura har idon ya shige. Ta ce, "Inna, yau ma da magariba za ki koma?" Na ce a'a. Ta ce, "Ina dabbar?" Na ce an sayar. Ta yi murmushi ta ce, "To a dama mini kunu."

Na dama mata na tsamiya, irin wanda take so tun tana ƙarama. Ina jiƙa tsamiyar ina tsame ƙwallayen, sai na ga hannuna yana ware su gefe da kansa. Kullum na dama sai in ajiye guda a bakin taga, ban san dalili ba, hannun ne ya saba. Na yi mata wanka, na tsefe mata kai, na kwana kusa da ita. In mutane sun shigo dubiya in matsa gefe in kau da kai, yadda aka koya mini. Ko a lokacin ban kira sunanta ba. Ranar ƙarshe ta ce, "Inna, riƙe ni." Akwai mata a ɗakin. Na riƙe ta.

Bayan an yi addu'ar uku na je bakin taga na tattara su. Goma sha bakwai ne. Suna nan a ƙullin zanen da ke ƙarƙashin matashina, in na mutu a bar su a inda suke.

Ke, rubuta shi da kyau, kada ki rage kada ki ƙara. Goma sha bakwai. Ajiye alƙalamin haka nan, ki matso kusa da ni, goshinki irin nata ne.